Ina Takardata Ta Shiga? Tambayoyi da Amsoshi Kan Sauya Wurin da Kwamfuta Ke Ajiye Takardu

Yawancin masu kukan cewa kwamfuta ta cinye musu aiki, aikin na nan lafiya lau. Sun danna Save, kwamfutar ta kai takardar inda aka tsara mata tun ranar da aka fara kunna ta, su kuwa ba su taɓa leƙawa sun ga ko ina ne ba. Wurin nan ana iya sauya shi, kuma a ganina duk wanda abincinsa ko karatunsa ke cikin kwamfuta ya kamata shi ya zaɓe shi da hannunsa. Sunayen maɓallai an bar su yadda suke fitowa a fuskar kwamfutar, don da su za ka neme su.

In na danna Save ban zaɓi komai ba, ina takardar take zuwa?

A Windows, gidanta na asali shi ne foldar Documents, wadda cikakken adireshinta yake C:\Users\sunanka\Documents. To amma a kwamfutocin da aka shiga da asusun Microsoft, sau da yawa OneDrive, rumbun ajiyar Microsoft da ke intanet, ya riga ya karɓe foldar, adireshin ya koma C:\Users\sunanka\OneDrive\Documents. A ido duk Documents ne, shi ya sa mutane ke rikicewa. In kana son tabbatarwa, buɗe takardar a Word, ka shiga File sannan Info. Adireshin na nan a ƙarƙashin sunan takardar, kuma akwai maɓallin Open file location da zai kai ka har inda take.

To me zai sa in taɓa abin da ke aiki?

Dalilai uku ne suka fi kawo mutane. Wasu C ne ya cika, wato ɓangaren rumbun ajiyar kwamfuta da Windows ke zaune a kai: kwamfutocin hannu da yawa na zuwa da ƙaramin rumbu mai 128 GB ko 256 GB, Windows da manhajoji sun ci kaso mai tsoka, an zuba hotunan biki da bidiyoyi a kai, sai layin C ya koma ja, kwamfutar ta fara jan ƙafa. Wasu kuma OneDrive ne ya dame su, yana shan data yana kuma ƙorafin wuri ya ƙare. Na ukun shi ne ya fi muhimmanci. Duk ranar da Windows ta ƙi tashi aka kai wa mai gyara, maganin da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne "sai an yi mata fomatin", kuma C ake sharewa. Ɗalibin da furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe ke zaune a Documents ko Desktop, a kan C yake zaune.

Wace hanya ce ta fi inganci a Windows?

Ka mayar da ita foldar Documents ɗin kanta wani ɓangaren. Wannan ya fi bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya, domin kusan kowace manhaja Windows take tambaya ina Documents yake, ta bi amsar da aka ba ta.

Da farko ka shiga D, wato ɓangaren ajiya na biyu in kwamfutarka na da shi, ko duk ɓangaren da kake so, ka ƙirƙiri sabuwar folda, ka sa mata suna, misali Takardu. Kada ka tsallake wannan matakin. Sannan ka buɗe File Explorer, ka ɗora linzami a kan Documents, ka danna ɓangarensa na dama, ka zaɓi Properties. A saman akwatin da zai fito akwai shafin Location. Danna Move, ka nuna masa D:\Takardu, ka danna Select Folder, sai Apply. Windows za ta tambaye ka ko ta kwashe tsofaffin fayiloli zuwa sabon wurin. Ce mata Yes. In ka ce No, takardunka za su rabu gida biyu, tsofaffi a C sababbi a D, bayan wata guda ka rasa wanne ne na ƙarshe.

Kafin ka fara, rufe Word da duk wata manhaja da ke riƙe da fayil, ka tabbatar akwai caji ko wuta, ka kuma duba D na da wurin da zai ɗauki kayan. In takardun masu muhimmanci ne, kwafe su a filashi tukuna. Hanyar nan ɗaya ce a Windows 7, 10 da 11.

Na yi kuskure na zaɓi D kai tsaye ba tare da folda ba. Yanzu duk abin da ke D yana fitowa a Documents. Yaya zan yi?

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma ita ta sa na nace a kan ƙirƙirar folda. Abin da ka gaya wa Windows shi ne D gaba ɗayansa Documents ne. Ba abin da ya ɓace, kada ka goge komai.

Fara gwada komawa shafin Location ka danna Restore Default. In ta tambaye ka kwashe fayiloli, wannan karon ka ce No, don in ka amince duk abin da ke D za ta yi ƙoƙarin turawa C. Daga baya sai ka ɗebo takardunka da hannu. Wani lokacin wannan na ƙi. Sai a shiga kundin rajistar Windows da umarnin regedit, a bi HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Explorer\User Shell Folders, a nemo layin da ake kira Personal, a mayar da abin da ke cikinsa %USERPROFILE%\Documents, a tabbatar foldar Documents na nan a ƙarƙashin sunanka a C, sannan a kashe kwamfutar a sake kunnawa. In ba ka saba da wurin nan ba, nemi wanda ya saba ya zauna kusa da kai, kuma layin nan ɗaya tak za a taɓa.

Irin wannan rikicin ne ke faruwa in aka nuna wa Documents da Downloads folda guda: sai su haɗe, raba su ya zama aiki. Kowacce a ba ta tata.

Na ga wani wuri a Settings da ke cewa Where new content is saved. Ba shi ke nan ba?

Ya yi kama, amma aikinsu ya bambanta. A Windows 11 yana System, Storage, Advanced storage settings. A Windows 10 yana Storage ɗin dai, da sunan Change where new content is saved. A nan harafin ɓangare kawai kake zaɓa, Windows ta ƙirƙiri folda da sunanka a can. Ba ta kwashe tsofaffin takardu, kuma manhajoji da dama ba sa kula wannan zaɓin, suna ci gaba da kai kaya tsohon Documents. Yana da amfani in sababbin manhajojin Microsoft Store kake so su daina cika C. In don takardu ne, shafin Location ya fi.

Na sauya, amma Word har yanzu OneDrive yake fara nuna min.

Word na da nasa ra'ayin. Shiga File, Options, Save. Ka sa alama a Save to Computer by default. A ƙasansa akwai Default local file location, danna Browse ka nuna masa foldarka, sai OK. Excel da PowerPoint kowanne na da nasa shafin a wuri guda, ka shiga ka duba su ɗaya-ɗaya, kada ka ɗauka gyaran Word ya wadatar.

A 2025 Microsoft ta sanar da cewa Word na Windows zai riƙa ƙirƙirar sababbin takardu kai tsaye a rumbun intanet. In naka sabo ne kuma ka ga layin Create new files in the cloud automatically a wannan shafin, cire alamar da ke kansa in ba ka so.

Ga wata dabara da ban san dalilin da ya sa ba a koya wa masu koyon kwamfuta tun makon farko ba: maɓallin F12 yana buɗe akwatin Save As kai tsaye, ka ga folda ƙuru-ƙuru, ba tare da an zagaya da kai ba.

To shi OneDrive ɗin, alheri ne ko matsala?

Ya danganta da intanet ɗinka. Alherinsa babba ne: in aka sace kwamfutar ko rumbunta ya mutu, takardunka na nan, ka shiga asusunka daga wata na'urar ka ɗauko. Yana ajiye tsofaffin zubin takarda, ta yadda in ka ɓata babi ka adana, za ka iya komawa na jiya. Maɓallin AutoSave da ke saman Word ma ba ya aiki sai takardar na OneDrive ko SharePoint.

Matsalarsa kuma a fili take. Kyautarsa 5 GB ce, takardun rubutu ba za su cika ta da wuri ba, amma hotuna da bidiyo kan cinye ta nan da nan. Yana shan data ba tare da sallama ba. Mafi ciwo, yana iya barin sunan fayil a kwamfutarka alhali ainihin fayil ɗin na can intanet. Duba 'yar alamar da ke gefen sunan: shuɗin gajimare na nufin ba ya kwamfutarka, sai da intanet zai buɗe, koren da'ira cikakke mai alamar maki na nufin yana nan daram. Mutum ya shirya gabatar da aiki, ya isa zauren taro babu sabis, ya danna fayil ya ƙi buɗewa, ga jama'a na jira. Maganin wannan shi ne ka danna dama a kan foldar ka zaɓi Always keep on this device tun kana da intanet.

Shawarata ga mai ƙarancin data: aiki ya zauna a kwamfuta, a ware folda guda ta muhimman takardu a OneDrive, a riƙa jefa kwafi can. Hotuna da bidiyo su tafi wani rumbun.

Yaya zan raba Documents da OneDrive ba tare da na yi asara ba?

Danna alamar gajimaren da ke kusa da agogo, ka shiga Settings, Sync and backup, Manage backup, ka kashe na Documents. Nan ne gaban mutane ke faɗuwa, don sai su buɗe Documents su tarar wayam. Takardun na cikin foldar OneDrive, ba a goge su ba. Shi ya sa ya fi kyau kafin ka kashe, ka sa Always keep on this device, ka jira komai ya sauko, bayan ka kashe kuma ka kwafe su zuwa inda kake so.

Ka kiyaye abu guda: muddin haɗin na aiki, abin da ka goge a foldar OneDrive ta kwamfutarka ya gogu a intanet ma. A asusun mutum na kansa, kwandon sharar OneDrive na riƙe abin da aka goge kwana 30.

Shafin Location ya ƙi, ko ma babu shi.

In ya ce ba zai iya matsar da foldar ba, galibi OneDrive ne ke riƙe da ita, fara raba su kamar yadda aka bayyana a sama. In shafin ne babu, duba ko ainihin Documents ka danna ba wata folda mai irin sunan ba. In kuwa kwamfutar ofis ce, mai yiwuwa masu kula da na'urorin ne suka kulle da gangan don takardun ma'aikata su riƙa zuwa rumbun ofis. Wannan sai ka yi musu magana.

In takarduna na D, shi ke nan na tsira daga fomatin da lalacewa?

Daga fomatin, e, in mai gyaran ya yi hankali. Daga lalacewa, a'a, kuma wannan ne nake so kowa ya fahimta da kyau.

A kwamfutoci da yawa, C da D rumbu guda ne aka raba biyu, kamar ɗaki ɗaya da aka ja wa labule a tsakiya: za a iya share gefe guda a bar ɗayan, amma in rufin ya rufta, duka biyun ya rufta wa. Rumbu in ya mutu, ko kwamfutar ta faɗi, ko ruwa ya shiga, ko aka sace ta, C da D tare suke tafiya. Don ka san naka, danna dama a kan maɓallin Start ka zaɓi Disk Management. In C da D na kan layi guda mai suna Disk 0, rumbu ɗaya ne. In D na kan Disk 1, na'urori biyu ne daban, wanda ya fi, ko da yake ɓarawo ba ya ware su.

Saboda haka sauya wurin ajiya bai ɗauke maka yin kwafi na biyu ba. Ko rumbun waje, ko filashi mai kyau da ke zaune a gida, ko intanet. Takarda ce ƙarama mai muhimmanci? Tura wa kanka ta imel ma ya fi babu.

Game da mai gyara kuwa, ka faɗa masa da bakinka cewa aikinka na D, kada a taɓa shi. Lokacin ɗora sabuwar Windows akwai shafin da ke jero ɓangarorin rumbu, a nan haruffan C da D ba sa fitowa, sai Drive 0 Partition 2, Partition 3 da girman kowanne. Mai sauri kan goge su duka don ya fara da fili. In ka san girman D ɗinka, ko ka sa masa suna tun farko, ganewa zai yi sauƙi. Haka in da kanka kake amfani da Reset this PC, karanta a hankali, don akwai zaɓin share dukkan ɓangarori. Kuma in BitLocker, makullin Windows da ke kulle rumbu da lambar sirri, na kunne a D, nemi lambar buɗewarsa mai alƙaluma 48 ka rubuta a takarda kafin a taɓa Windows. In babu ita, ga fayilolin amma ba mai iya karanta su.

Bayan an gama, sabuwar Windows ba ta san tsohon tsarinka ba. Sai ka koma shafin Location ka sake nuna mata D:\Takardu.

Zan iya mayar da filashi wurin ajiyata na dindindin?

Za ka iya, amma ban ba ka shawara ba. Harafin filashi na sauyawa: yau E, gobe ka fara sa waya ko wani filashin ya koma F, Windows ta nemi Documents ta rasa. Abin da ka goge a filashi ba ya zuwa kwandon shara, ya tafi ke nan. Ga kuma bairos ɗin nan da ke ɓoye foldoji ya bar gajerun hanyoyi a madadinsu, wanda duk mai yawo da filashi shagunan buga takardu ya san shi. Filashi na ɗaukar kwafi ne daga nan zuwa can.

In dole ce ta sa, misali ƙaramar kwamfuta ce mai katin ajiya da ba ya fita, shiga Disk Management, danna dama a kansa, ka zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafi na nesa kamar T, wanda wata na'urar ba za ta riga shi ɗauka ba. Ka tuna in tsarinsa FAT32 ne, ba ya karɓar fayil guda da ya kai 4 GB.

Desktop da Downloads fa?

Hanya guda ce, kowacce da shafinta na Location, haka Pictures, Music da Videos. Desktop ma ta fi cancanta a matsar, tunda nan mutane ke zube aikin da suke kai. Manhajar shiga intanet kuma na da nata zaɓin: a Chrome da Edge yana Settings, Downloads, inda za ka sauya foldar ko ka kunna a riƙa tambayarka wuri duk lokacin da za ka sauke abu.

Wani tarkon da ke kusa da wannan: an turo maka takarda ta imel, ka buɗe ta kai tsaye, ka yini kana gyara kana danna Save, washegari ka neme ta ka rasa. Sau da yawa tana cikin foldar wucin gadi da ba ka san da ita ba. Duk takardar da aka turo, fara yi mata Save As zuwa foldarka kafin ka rubuta ko harafi ɗaya.

An ɗauke wuta ban adana ba. Sauya wurin ajiya zai taimaka?

Wannan wani tsari ne daban. Word na ajiye kwafin ceto a ɓoye duk minti 10, in ba a sauya ba. A shafin File, Options, Save ɗin nan za ka ga Save AutoRecover information every, mayar da shi minti 2 ko 3, musamman in kwamfutar tebur ce marar batir. In wuta ta dawo ka buɗe Word, yawanci zai nuna maka abin da ya ceto a gefen hagu. In bai nuna ba, duba File, Info, Manage Document, Recover Unsaved Documents. Foldar ceton ka bar ta inda take a C, kada ka kai ta filashi. Yatsanka kuma ya saba da Ctrl da S.

Bayan na matsar, wasu takardu a jerin Recent sun ƙi buɗewa.

Jerin na riƙe da tsohon adireshi ne. Buɗe takardar sau ɗaya daga sabon wurin, zai gyaru. Waɗanda za su fi kula su ne masu Outlook, don yakan ajiye fayil ɗin wasiƙu a Documents cikin foldar Outlook Files, sai a rufe shi kafin a matsar, in ya yi tambaya a nuna masa sabon wurin. Haka masu jadawalin Excel da ke janyo alƙaluma daga wani fayil, su duba haɗin bai yanke ba.

Me zai hana in kwashe foldar Users gaba ɗaya zuwa D in huta?

Kada ka yi. Akwai ɓoyayyun fayilolin da Windows da manhajoji ke dogaro da su a ciki, kana iya wayar gari ka kasa shiga asusunka.

Mu da yawa ke amfani da kwamfuta guda. In na kai takarduna D, wasu za su gani?

Mai yiwuwa ƙwarai. Foldarka da ke ƙarƙashin C:\Users a kulle take ga sauran masu asusu na gama-gari, amma folda da aka ƙirƙira a D yawanci a buɗe take ga duk wanda ya shiga kwamfutar. Gwada ka gani: shiga da asusun wani ka taɓa foldar. In ta buɗe, ana iya taƙaita izini a shafin Security na Properties ɗinta. A shagon buga takardu ko ofishin makaranta, inda takardun sakamako da na shaidar mutane ke wucewa, wannan amana ce, bai kamata duk wanda ya zauna a kujerar ya iya buɗe su ba.

Ba Word nake amfani da shi ba. Ni kuma Mac gare ni.

A LibreOffice, shiga Tools, Options, LibreOffice, Paths, ka zaɓi My Documents ka danna Edit. A Mac babu shafin Location irin na Windows. Manhajoji da yawa na tuna foldar da ka yi amfani da ita a ƙarshe, kuma in ka ja foldarka zuwa gefen Finder, wato File Explorer na Mac, za ta riƙa fitowa a akwatin adanawa. Abin dubawa a can shi ne zaɓin Desktop & Documents Folders na iCloud Drive, wanda ke aiki irin na OneDrive, shi ma kyautarsa 5 GB.

Yaya zan tabbatar gyaran ya zauna, kuma in na fasa fa?

Buɗe sabuwar takarda a Word, rubuta kalma guda, danna F12, ka karanta adireshin da ke saman akwatin. In D:\Takardu ne, adana ta, ka rufe Word, ka je D da kanka ta File Explorer ka gan ta da idonka. Maimaita a Excel. In daga baya ka fasa, koma shafin Location na Documents, danna Restore Default, sai Apply, ka amsa Yes don fayilolin su koma C, bayan ka duba C na da wurin ɗaukar su.